Babin Matar Injiniya

Shagon ɗaya ne, labule ya raba shi biyu. Ɓangaren dama na Kyaftin ne, mai gyaran talabijin da rediyo. Na hagu na matarsa ne, wadda duk layin ke kira Anti, ita da keken ɗinkinta da tarin yaduddukan mutane. Shekara ashirin da shida da aurensu, goma sha tara daga ciki da wannan labulen a tsakani. Ita ta ɗinka shi da hannunta don kada hayaƙin dalma ya riƙa kama kayan masu ɗinki.

Kyaftin bai taɓa hawa ko kwale-kwale ba. Sunan ya same shi ne daga wani shirin talabijin, Ayarin Zara, labarin wani ƙaton jirgin sararin samaniya da ya kwashi mutum dubu uku yana yawo da su tsakanin taurari, wai ana neman duniyar da za a sauka. Shekara tara ana nuna shi, har aka daina ba su sauka ba. Anti ta sha faɗa a ranta cewa da mai hankali ne ke tuƙin, da tuni an tsaya an tambayi hanya. Shi kuwa Kyaftin ya haddace kashi ɗari biyu da goma sha huɗu tsaf. Ya san hawa nawa jirgin ke da shi, ya san launin kowane maɓalli a ɗakin tuƙi. Amma lokacin da yaransu ke makaranta, in ka tambaye shi aji nawa autarsu take, sai ya leƙa labule ya tambaya.

Kowace Asabar da yamma mutum uku suke zuwa su zauna a bencin shagon, su kira kansu majalisa. Akwai Mai Kemis na bakin titi, dogo mai kaifin baki, wanda ya daɗe yana ganin shi ya fi dacewa da shugabanci. Akwai Tica, malamin kimiyya a sakandare, wanda ba ya iya kallon minti biyar bai ce "wannan ba zai yiwu ba", amma bai taɓa fashin zuwa ba. Sai Akawu, mutum mai sanyin hali da ke aiki a ofishin ruwa, aikinsa a majalisa gyaɗa kai. Manyan mutane, kowa da furfurarsa, su zauna suna jayayya har jijiyar wuya ta tashi a kan ko ƙofar ɗakin injin dama take buɗewa ko hagu. Anti tana bayan labule tana taka keke, tana jin komai ba don tana so ba, har ta kai ta san jirgin nan fiye da Akawu.

Majalisar tana da doka guda, kuma Kyaftin ne ya kafa ta: duk wanda ya ce an yi kuskure, sai ya nuna wurin da yatsansa. Da wannan dokar ya kori wani direba shekara biyar da suka wuce. Bawan Allah ya rantse ya ga mutum-mutumin inji da ke cikin jirgin yana murmushi, aka kunna faifai aka duba, babu. Har yau in direban ya biyo ta layin, ɗaya gefen titin yake bi.

Abin da majalisa ba ta sani ba shi ne idon Kyaftin ya tafi. Wata bakwai ke nan da wani farin abu ya fara rufe masa ƙwayar ido a hankali. Yana ganin haske, yana ganin inuwar mutum, amma harafi da ƙananan wayoyi sun ɓace masa. Bai faɗa wa kowa ba, har ita. Da kanta ta gane, ranar da ta ga yana laluben teburi yana neman sukudireba, ga ta nan a gabansa. Ya sayi baƙin tabarau ya ce hayaƙi ne ke damunsa. In an kawo gyara sai ya shafa bayan talabijin ɗin ya taɓe baki, ya ce, "Kayan zamani, roba zalla. Ba na ɓata hannuna a kan wannan." Mutane su tafi suna cewa Kyaftin ya cika girman kai, shi kuma hakan ya fi masa daɗi da a ce ba ya gani. Shirin kuwa ba ya buƙatar ido a kansa, da ya ji kiɗan farko ya san wanda zai shigo da abin da zai ce.

Sau uku tana yi masa maganar asibiti. Na farko ya ce ita ce ke buƙatar tabarau. Na biyu ya ƙara ƙarar talabijin. Na uku ya tashi ya bar mata shayinsa ko rabi bai sha ba.

Akwai kuma maganar da ba ta yi masa ba ko sau ɗaya. Tun da autarsu ta tafi karatu gidan ya koma su biyu, watau ita a gefe, shi da jirginsa a gefe. Babbar 'yarsu, da ke aure a wani gari mai nisa, ta matsa mata a waya: "Mama, ki taho da kekenki. Ga ɗaki babu kowa, ga masu son ɗinki. Baba ko lura ba zai yi ba sai ya ji yunwa." Anti ta yi mata faɗa sosai a kan wannan maganar ta kashe waya, sannan ta zauna ta nemi abin da za ta ƙaryata yarinyar da shi, ta rasa. Tun ranar take juya tafiyar a ranta.

Ana cikin haka littafin ya fito. Kamfanin da ya yi shirin, ganin har yanzu akwai irin su Kyaftin a duniya, ya sa wani ya rubuta labari a kan jirgin, shafi ɗari uku da 'yan kai. Aka buga sunan shirin ƙato a bango, sunan marubucin kuma can ƙasa, ɗan mitsitsi, kamar ana jin kunyarsa. Mai Kemis ya kawo kwafi huɗu ya raba, aka ba da sati biyu kowa ya karanta, a haɗu a yanke masa hukunci. Da zai ba Kyaftin nasa, Anti ta hango ta gefen labule yadda ya riƙe shi ɗan nesa da hannun Kyaftin, yana kallon yadda zai kama. Ta san mai sayar da magani ba yaro ba ne.

Ranar Litinin da rana Kyaftin ya sauke ƙofar shago rabi, kamar yadda suke yi lokacin cin abinci.

"Maman yara," ya ce, "zo ki karanta min wannan shirmen. Hannuna duk maiƙo."

Hannunsa tas yake, rabonsa da maiƙo tun bara. Ta ajiye rigar da take haɗa wa hannu, ta karɓi littafin.

A gaskiya littafin ya cancanci duk abin da za a yi masa. Marubucin yana da cutar bayani. Mutum ba zai shiga ɗaki ba sai an gaya maka tsawon ƙofar da irin ƙarfen da aka ƙera ta da shi. Masoya biyu za su haɗu bayan shekara uku, su tsaya suna bayanin yadda ake tace ruwan sha a jirgi. Anti tana karantawa bakinta na bushewa, ɗinkin mutane na jiranta, shi kuma yana kishingiɗe a kujera yana jiran kuskure kamar mai jiran mota.

"Tsaya. Hawa nawa ya ce?"

"Goma sha biyu."

"Sha huɗu ne. Jaririn da aka haifa jiya ma ya sani. Shafi na nawa?"

"Ashirin da uku."

Sai ya maimaita lambar sau uku ƙasa-ƙasa, leɓensa na motsi, har ta zauna masa. Haka yake tara makamansa na ranar Asabar, tunda ba zai iya rubutawa ba. Ba ta karanta shafi biyu bai katse ta ba. "Wannan jakin bai taɓa kallon shirin ba." "Ji wata ƙarya." "Wa ya ba shi izini?" A kwana takwas ya tara laifi talatin da ɗaya, kowanne da shafinsa. Ko sau ɗaya bai ce mata sannu ba, bai ce ta sha ruwa ba.

A rana ta tara, da safe suna hanyar shago, ta ce, "Baban yara, ina son mu yi wata magana."

"Bayan Asabar," ya ce.

Da rana ta buɗe inda suka tsaya. Babin na ɗakin injin ne. Ta ɗaga shafukan ta leƙa gaba, ta ga shafi goma sha biyu cur ana bayanin bututu: na ɗaya ya fi na biyu kauri, na uku yana ɗaukar zafi, na huɗu yana mayar da shi. A shirin, Injiniya wani dattijo ne da ba ya fitowa daga ɗakin injin, kuma sau ɗaya tak aka taɓa ambaton yana da mata, ba a nuna ta ba. Anti ta san wannan, ta ji an yi Asabar guda ana musu a kai. Ta dubi bututun nan, ta dubi mijinta a kishingiɗe da baƙin tabarau. Haushin shekaru ya taso mata. Ba ta shirya ba, ba ta yi shawara da zuciyarta ba, kawai ta ji bakinta ya ci gaba da irin muryar karatun, amma ba abin da ke kan takarda take faɗa ba.

"A hawa na uku, a wani ɗaki marar taga, matar Injiniya tana zaune," ta ce, idonta a kan shafin. "Shekara ashirin da shida tana cikin jirgin nan. Kullum sai ta goge masa kayan aiki, ta kai masa abinci ƙofar ɗakin injin, ta dawo ta ɗauke shi ya huce. Mijinta mutum ne mai kunne, in bututu ɗaya ya canja kuka daga nesa yake ji. Amma da ta yi zazzaɓi na kwana uku, bai sani ba sai da shayi ya daina zuwa."

Ta ɗaga shafi don ya ji ƙarar takarda. Ta ba matar 'ya'ya uku, ta raine su a lungunan jirgin, ta sallame su ɗaya bayan ɗaya. Ta sa ta tsaya a bayan ƙofar ɗakin injin tana jin yadda mijin ke hira da abokansa da wata irin murya mai daɗi wadda ita ba ta taɓa samu ba. Sannan ta ƙirƙiro wata 'yar tasha a kan hanyarsu, inda jirgin zai tsaya kwana ɗaya kawai, duk mai son sauka ya sauka.

"Ta sauko da jakarta ta ninke kayanta," in ji Anti. "Ta ajiye ta a bakin ƙofa, daidai inda yake wucewa. Ba tafiyar ce ta dame ta ba. So take ya tambaye ta jakar ta mece ce."

Nan ta tsaya. Ta rufe littafin a kan yatsanta.

Kyaftin bai katse ta ba, tun daga farko har ƙarshe. Wannan ne karo na farko a kwana tara. Yana zaune ya daina kishingiɗa, hannayensa a kan gwiwa. Can ya ce, a hankali, "Shafi na nawa?"

Ta dubi inda yatsanta yake. Da tana da wayo a lokacin da ta ce ta manta. Sai ta ji kanta ta ce, "Ɗari da tamanin da bakwai." Ya maimaita sau uku.

Da suka koma gida da yamma, ta sauko da jakarta ta gaske daga kan kabad, ta ninke kayanta a ciki, ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki. Washegari ya yi tuntuɓe da ita ya yi tsaki ya tsallake. Bayan kwana biyu ya sake, ya ce a daina zube masa kayan ɗinki a hanya.

Sauran kwanakin ta yi su tsakanin tsoro da sa rai. Tsoron shi ne in ya ambaci babin a majalisa, za a buɗe a ga bututu, asirin idonsa ya tonu a gaban Mai Kemis, kuma ita ce sila. Sa ran kuwa na wauta ne, ta sani, amma ya ƙi barinta: wannan shirun da ya yi, ko ya ji ne? Ranar Juma'a da suka gama littafin ta daure ta ce, "Baban yara, babin nan na matar Injiniya..."

"Bar shi," ya ce. "Shi na ajiye na ƙarshe."

Mace mai shekara hamsin, ta kwana da wannan maganar tana juya ta kamar budurwar da aka aiko wa wasiƙa.

Asabar majalisa ta cika, kowa da kwafinsa. Mai Kemis ya fara, ya ɗaga littafin da yatsa biyu.

"Ni dai na sha shi kamar maganin zazzaɓi, na toshe hanci na haɗiye. Ku dubi bangon ma. Wa ya sa wa shugaban jirgi gashin baki? Wanda ya zana wannan ko talabijin bai taɓa gani ba." Ya ciro waya yana dubawa. "Ba mu kaɗai ba ne. Ga wani nan ya rubuta cewa ya sa shi ƙarƙashin ƙafar teburinsa mai girgiɗi, kuma tun da aka buga littafin nan ne kawai ya yi amfani. Ga wata ta ce ta ba shi tauraro ɗaya don ba a yarda a ba da rabi ba."

Aka yi dariya. Tica ya gyara zama ya buɗe inda ya lanƙwashe.

"Shafi na casa'in. Ya ce sun ji ƙarar fashewa daga waje. A sarari babu iska, ƙara ta ina za ta bi? Ɗan aji ɗaya ya rubuta min wannan sai na kira ubansa."

"A shirin ma ai ana jin ƙarar," in ji Mai Kemis.

"Shiri daban. A shiri ina yafewa, don akwai kiɗa."

Akawu ya yi gyaran murya, abin da ba kasafai yake yi ba. "Ni kam, akwai wurin da mutum-mutumin ya yi dariya. Na ɗan ji daɗin wurin."

Kyaftin ya juyo da baƙin tabarau wajen da muryar ta fito.

"Akawu, mun kori mutum a nan a kan murmushi. Kai dariya ka zo mana da ita?"

"A'a, ba wai ya yi kyau ba ne," in ji Akawu, ya koma gyaɗa kai.

Sannan Kyaftin ya karɓi magana. Kwafinsa na rufe a kan gwiwa, ya ɗora hannu a kai, ya ce shi ba ya buƙatar buɗewa. Shafi na ashirin da uku, hawa goma sha biyu maimakon sha huɗu. Aka buɗe, ga shi. Shafi na hamsin da ɗaya, an sa likitan jirgi yana rubutu da dama, alhali bahago ne. Aka buɗe, ga shi. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya babu gargada, Tica yana ta "ƙwarai, ƙwarai", Mai Kemis yana ƙara shan mur, don ya zo da niyyar kama mutum ya tarar ana ba shi darasi. A bayan labule Anti tana taka keke, tana ƙirga laifuffukan a ranta. Da aka kai na talatin da ɗaya, ta rage saurin taka keken.

"Amma duk wannan wasan yara ne," in ji Kyaftin. Muryarsa ta cika da daɗi, irin na wanda ya ajiye tsoka sai ƙarshen ci. "Shafi na ɗari da tamanin da bakwai. Nan ne na tabbata marubucin nan ba jahili ba ne kawai, marar mutunci ne. Ran mutum dubu uku yana hannun Injiniya, sai aka bar mu da wata mata a ɗaki tana ƙunƙuni wai ba a kula ta. Wai abinci ya huce. Wai ta yi zazzaɓi. Wa ya tambaye ta? An ba ta ɗaki, an ba ta ci, an ba ta sha. Me kuma take nema, a kashe injin a zo a zauna ana kallon fuskarta? Rashin aikin yi ne. Har da wata tasha da za a tsaya kwana ɗaya, da wani haɗa jaka, a ajiye a hanya don a tambaye ta. To ta sauka mana, a ga ko jirgin zai tsaya. Da na zo wurin, takaici ne ya hana ni ko magana."

Keken ya tsaya. Anti ta ji maganar ta shige ta har ƙashi. Ashe shirun ke nan. Ba kuka ne ya zo mata ba, kunya ce, kunyar kwana huɗun da ta yi tana sa rai. Ta zauna da rigar mutane a ƙarƙashin allura, ba ta ɗaga ba, ba ta ci gaba ba.

A ɗaya ɓangaren takardu suna ta ƙara.

"Wace mata?" in ji Mai Kemis.

"Matar Injiniya. Ɗari da tamanin da bakwai."

"Ga ni a kai. 'Bututu na huɗu ya fi na uku kauri, domin shi ke mayar da zafi.' Ita ce matar?"

Tica ya duba shafi goma gaba, goma baya. "Ni ban ga mace ko ɗaya a babin nan ba. Bututu ne har ƙarshe."

"Naku kwafin ne daban," in ji Kyaftin.

"Tare na karɓo su huɗun, a kwali ɗaya." Mai Kemis ya tashi, ya zare littafin daga ƙarƙashin hannun Kyaftin, ya buɗe shi ya mayar masa a kan tafin hannu. Murna ta kasa ɓoyuwa a muryarsa. "Dokarka ce, ranka ya daɗe. Nuna mana da yatsanka."

Kyaftin ya sunkuyar da kai kan shafin. Ya ɗora yatsa a sama, ya sauko da shi a hankali, ya ɗaga shafi, ya mayar. Babu mai magana. Sai a lokacin ya lura da abin da ya ɓace a shagon. Shekara goma sha tara majalisa na zama da ƙarar keke a bayanta, yau babu. Ya ɗago kai ya juya wajen labule, yatsan nan yana nan inda ya tsaya.

Anti tana iya yin shiru. Ya cancanci a bar shi ya yi ta lalube har Mai Kemis ya ƙoshi. Amma ta kasa jin ƙarar takardar nan a hannunsa. Ta tashi ta yaye labulen.

"Kada ku wahalar da kanku," ta ce. "Babu shi a ciki. Ni na ƙara."

Su ukun suka zuba mata ido kamar yau suka fara sanin akwai mutum a wurin.

"Kika ƙara? A ina?" in ji Tica.

"Anti, ke ce ke karanta masa?" Mai Kemis ya tambaya, duk da ya riga ya san amsar.

Ta buɗe baki tana neman ƙaryar da za ta rufe shi da ita, ko ta maiƙon hannu ce. Kyaftin ya riga ta.

"Wata bakwai ban ga harafi ba," ya ce. Ya cire tabarau ya ajiye a gwiwa, littafin ya zame ya faɗi ƙasa. "Ita ta karanta min, tun daga bango har bango."

Mai Kemis ya samu abin da ya daɗe yana nema, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya dubi farin da ke cikin idon, ya ce ai wannan aikin minti talatin ne a asibiti, me ya sa tun farko ba a faɗa ba, sannan ya tuna ya bar kanti a buɗe. Tica ya fara bayanin cewa jirgi mai wannan gudu ba zai iya tsayawa a tasha kwana ɗaya ba, ya ji abin da yake faɗa, ya yi shiru ya nemi hularsa. Akawu ne ya fita ƙarshe. A bakin ƙofa ya ce, "Ni da akwai babin a ciki, da na so shi." Kamar kullum, babu wanda ya tambaye shi.

Anti ta sauke ƙofar shago rabi. Ta koma ɓangarenta ta ɗaga allura, ta zare rigar, ta fara ninkewa. Sau biyu tana ɓata ninkin. Labulen yana nan a yaye yadda ta bar shi.

"Maman yara."

Ta ci gaba da ninkinta.

"Zazzaɓin nan na kwana uku. Yaushe ne?"

"Shekaru huɗu da suka wuce. Lokacin da kuka sake kallon zango na shida."

Ya juya tabarau a hannu, yana buɗe ƙafafun tabarau ɗin yana rufewa.

"Jakar nan da nake tuntuɓe da ita a bakin ƙofa," ya ce, "ba kayan ɗinki ba ne."

"Ba su ba ne."

"Ina?"

"Wajen babbar. Ta ce akwai ɗaki."

Ta jira ya ce ta sauka mana, tunda ya riga ya faɗa a gaban mutane. Ya laluba ya kama gefen benci kamar mai shirin tashi, sai kuma ya fasa ya koma ya zauna. A zaune haka, babu tabarau, ta ga tsoho ne kawai mai ciwon ido, kuma tsoro ne a fuskarsa ƙarara. Bai sa ta huce ba, amma ta daina ninkin.

"Kin tsaya a tsakiya ran nan," ya ce. "Karanta min sauran. Ba zan katse ki ba."

Littafin yana ƙasa a kife, babu wanda ya ɗauka. Anti ta jawo kujerar kekenta ta ƙetaro da ita ɓangarensa, ta zauna a gabansa. Ba ta ce matar Injiniya ba wannan karon, ta ce ni, ta fara daga shekarar da aka haifi babbar 'yarsu.